Filin Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Nas Ba Ta Zo Ba Da Muka Kira Ta?

Wasiƙun da suka iso wannan fili daga Legas a 'yan makonnin nan kusan duka sun taru a kan abu ɗaya, wato halin da majinyata ke ciki a hannun ma'aikatan jinya, da halin da su ma'aikatan ke ciki a hannun waɗanda suka ɗauke su aiki. Mun zaɓi biyar daga ciki, mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili, kuma mun sakaya sunayen asibitocin da aka ambata.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, ina sayar da tumatir da attarugu. An kwantar da mahaifiyata a wani asibitin gwamnati bayan hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki. Cikin dare ruwan da ake ƙara mata ya ƙare, jini ya fara komawa cikin roba, ƙanwata da ke jinyarta ta yi ta zarya tana kiran nas, amma ba ta zo ba sai da aka daɗe, kuma da ta zo da faɗa ta fara. Nas biyu ne kacal a ɗakin a wannan dare, gadaje kuwa duk a cike. Shin rashin imani ne, ko kuwa don sun ga mu Hausawa ne, ba ma jin Yarbanci sosai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Kafin komai, babu wani uzuri da ya halatta a daka wa mai jinya tsawa don ta zo neman taimako, kuma abin da aka yi wa ƙanwarka bai dace ba. Sai dai amsar tambayarka tana cikin wasiƙarka, a inda ka ce nas biyu ne a ɗaki cike da gadaje, kuma a nan nake so mu tsaya mu daɗe.

Likita yakan zagaya da safe, ya duba, ya rubuta, ya wuce. Wanda ke tare da majinyaci dare da rana nas ce. Ita ce za ta auna jini da zafin jiki da bugun zuciya, ta ba da magani a kan lokacinsa, ta yi allura, ta canza ruwa, ta wanke ciwo, ta juya wanda ba ya iya juyawa da kansa duk bayan kamar awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi, sannan ta rubuta duk abin da ta yi a takarda domin wadda za ta karɓe ta. Mafi muhimmanci a aikinta shi ne wanda ba a ganinsa, wato lura. Numfashin da ya fara sauri, ko fitsarin da ya ragu, ko mai jego da ta fara gumi tana cewa tana jin jiri, alamu ne da ke bayyana sa'o'i kafin abu ya ɓaci, kuma nas ɗin da ke da lokacin tsayawa a bakin gado ita ce ke kama su. Idan aka ɗora mata majinyata goma sha biyar ko ashirin, dole ta riƙa zaɓe, ta bar wanda ruwansa ya ƙare ta tafi wurin wanda numfashinsa ke neman ɗaukewa. Mai yiwuwa abin da ya faru a wannan dare ke nan, kuma ita ƙanwarka ba ta da hanyar sanin abin da ke gudana a wancan ɓangaren ɗakin.

An daɗe da auna wannan lamari da ƙididdiga. A shekarar 2002 Farfesa Linda Aiken da abokan aikinta na Jami'ar Pennsylvania a Amurka sun bi diddigin majinyatan da aka yi wa tiyata a asibitoci 168, suka gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas a kan waɗanda take kula da su yana ƙara haɗarin mutuwar majinyaci cikin kwana 30 da kashi 7 cikin ɗari. A shekarar 2014 aka sake irin wannan bincike a asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara, aka sami wannan kashi 7 ɗin dai. Jihar Kalifoniya ta kafa doka a 1999, ta fara aiki a 2004, inda a yau nas ɗaya ba ta wuce majinyata biyar a ɗakin kwanciya na gama-gari, ba ta wuce biyu a ɗakin kulawa ta musamman. Jihar Queensland ta Ostireliya ta bi sahu a 2016 da huɗu da rana, bakwai da dare, kuma binciken da aka yi bayan haka ya nuna mace-mace sun ragu, kwanakin da mutane ke yi a gado sun ragu, kuɗin da aka tsimi ya zarce wanda aka kashe wajen ɗaukar ƙarin ma'aikata. Wannan batu na ƙarshe shi ya kamata masu rubuta kasafin kuɗinmu su karanta sau biyu.

Bayan yawan majinyata sai tsawon awoyi. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2004 ya nuna nas ɗin da ta yi awa goma sha biyu da rabi ko fiye a bakin aiki tana fuskantar haɗarin yin kuskure kusan ninki uku. To, a Legas aikin nas ba daga ƙofar asibiti yake farawa ba. Kuɗin haya ya kori mafi yawan ma'aikata zuwa Ikorodu da Agbado da Sango da Mowe, don haka wadda za ta karɓi aiki ƙarfe takwas na safe a Ikeja ko a cikin tsibirin Legas ta bar gida tun kafin kiran assalatu, ta sha cunkoso a danfo, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ke cinye kaso mai tsoka na albashinta. Idan wadda za ta canje ta ba ta iso ba, ba ta da ikon barin majinyata ta tafi, sai ta zarce. Ƙara da wutar da ke ɗaukewa a yi allura da hasken waya, da safar hannu da auduga da sai an rubuta wa 'yan uwa su sayo, da na'urar awon jini ɗaya da ɗaki guda ke jira. Mutumin da ke aiki a haka shekara da shekaru, zuciyarsa kan dakushe, kuma masu haƙuri a cikinsu, waɗanda suna da yawa, jarumtaka suke yi.

Game da zancen Hausanci, ba zan ce maka babu masu nuna bambanci ba, domin ko'ina akwai su. Abin da ya fi yawa shi ne rashin fahimtar juna: tsohuwa tana bayanin ciwonta da Hausa, nas tana amsawa da Yarbanci ko Turancin buroka, kowa ya ga kamar ɗayan ya raina shi. Ina ba ka shawara a samu wanda ke jin harshen ya riƙa kasancewa a lokacin zagayen likitoci, a kuma san sunan shugabar nas-nas ta ɗakin tun ranar farko. Idan za ka kai ƙara, kai ta a rubuce ga hukumar asibitin, ka ambaci rana da lokaci, kuma kada ka tsaya a kan tsawar da aka yi kaɗai. Rubuta cewa nas biyu ne ke kula da ɗakin gaba ɗaya. Ƙarar da ta tsaya a kan halin mutum ɗaya takan ƙare da jan kunne, ɗakin ya ci gaba da zama yadda yake. Wadda ta ambaci adadi kuwa ita ce shugabar nas-nas za ta ɗauka ta kai gaba a matsayin hujjar neman ƙarin ma'aikata.

Tambaya: Malam, ni direban tirela ne, ina yawan kwana a Apapa. Ina jin ana cewa nas-nas ɗinmu duk sun tsere Ingila. Ƙasa ta koyar da su da kuɗinta, me zai hana gwamnati ta hana su fita kawai?

Amsa: Malam direba, Allah ya tsare hanya. An gwada abin da ya yi kama da shawararka. A watan Fabrairun 2024 Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta fitar da sabuwar ƙa'ida cewa sai nas ta yi aƙalla shekara biyu tana aiki bayan samun lasisi kafin a tantance mata takardun da za ta nemi aiki da su a waje. Magatakardan hukumar na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce nas-nas 42,000 ne suka bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga ciki a 2023 kaɗai. Ma'aikatan suka fito zanga-zanga a Legas da Abuja, wasu suka garzaya kotu, aka shafe watanni ana ja-in-ja. Haka kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashe 55 da ta fitar a 2023, waɗanda ba a so ƙasashe masu arziki su riƙa zuwa farautar ma'aikatan lafiyarsu, Ingila ma ta amince da jerin, amma hakan bai hana mutum ya nemi aiki da kansa ta intanet ba, kuma haka ake yi.

Ƙofar da aka kulle ba ta sa mutum ya so ɗakin da yake ciki. Wadda aka hana tafiya tana iya barin aikin jinyar baki ɗaya ta kama kasuwanci, ko ta zauna jiki a asibiti zuciya a wani wuri, kuma majinyaci ne zai kwana a ciki. Ya kamata mu tambayi abin da ke korar su. A watan Yulin 2014 Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola, aka kwantar da shi a wani asibiti mai zaman kansa a Obalende. Dakta Ameyo Stella Adadevoh ta hana shi fita duk da matsin da aka yi mata, ta kamu, ta rasu. Nas Justina Ejelonu, wadda sabuwar ɗauka ce a asibitin, ita ma ta kamu ta rasu. Mutum 20 suka kamu a Najeriya, 8 suka mutu, kuma fiye da rabin waɗanda suka kamu ma'aikatan lafiya ne. Da ba su tsaya ba, Allah kaɗai ya san abin da zai faru a gari mai cunkoso irin wannan. To, a wancan lokaci, har zuwa shigowar korona a 2020, alawus ɗin haɗari da gwamnatin tarayya ke biyan ma'aikacin lafiya naira 5,000 ne a wata, ba a sake duba shi ba sai a ƙarshen 2021. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin layin masu neman fita ba.

Gwamnati ta ƙara gurbin ɗaliban jinya daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara, kamar yadda Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya bayyana a 2024, ta kuma amince da wata manufa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya a watan Agustan 2024. Matakai ne masu kyau, sai dai waɗanda ke tafiya su ne ƙwararru, masu shekara goma a ɗakin tiyata ko ɗakin jarirai bakwaini, waɗanda ya kamata su horar da sababbin. Akwai kuma abin takaici da ba a cika faɗa ba: a daidai lokacin da ɗakunan asibiti ke kukan ƙarancin ma'aikata, akwai matasa masu lasisi a hannu da ke zaune babu aiki, saboda ba a ba asibitoci damar maye gurbin waɗanda suka tafi a kan kari. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, amma kasafin tarayya galibi a tsakanin kashi 4 zuwa 6 yake yawo.

Tambaya: Malam, ni malamar Islamiyya ce a Agege. Yajin aikin ma'aikatan jinya yana damuna ƙwarai. Yaya wanda ya yi rantsuwar ceton rai zai bar marasa lafiya a gado saboda kuɗi?

Amsa: Malama, damuwarki a wurinta take, domin duk ranar da aka rufe ɗakunan asibitin gwamnati talaka ne ke shan wuya, mai hali ya wuce asibitin kuɗi. Ra'ayina shi ne sashen gaggawa da ɗakin haihuwa da ɗakin kulawa ta musamman bai kamata a bar su babu kowa ba ko da wane irin rikici ake yi, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta a ƙi karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa. Amma ki duba abin da suka nema a yajin gargaɗin da ƙungiyarsu ta NANNM ta fara ranar 30 ga Yulin 2025, wanda aka janye bayan kwana huɗu, da aka zauna da gwamnati. Akwai alawus ɗin aikin dare da na tufafin aiki, gaskiya ne, amma a cikin jerin akwai buƙatar a ɗauki ma'aikata da yawa, da a kafa sashen kula da aikin jinya a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. Buƙatar a ƙaro ma'aikata buƙatarmu ce mu da ke kwanciya a gadajen, kafin ta zama tasu. Abin da na fi zargin gwamnatoci da shi shi ne ɗabi'ar sa hannu a yarjejeniya a ajiye, a yi biris da wa'adin da aka bayar, sai an rufe asibiti sannan a kira taron gaggawa. Ma'aikata sun koyi cewa ba a jin su sai sun ajiye aiki, kuma ba su suka koya wa kansu ba.

Tambaya: Malam, a unguwarmu akwai ƙaramin asibitin kuɗi da muke zuwa saboda babu layi. An ce min 'yan matan da ke mana allura ba nas ba ne na gaskiya. Yaya zan gane, kuma ina zan kai ƙara? Daga wata uwar gida a Alaba Rago.

Amsa: Hajiya, abin da aka gaya miki yana faruwa sosai. Wasu masu ƙananan asibitoci, don gudun biyan albashin mai lasisi, sukan ɗauki yara su koya musu allura da sa ruwa, su sa musu fararen kaya, ana kiran su ogzilari. Hukumar jinya ba ta san da zamansu ba, kuma wadda ta iya huda jijiya ba lalle ne ta san abin da za ta yi ba idan mai naƙuda ta fara jijjiga ko jini ya ɓalle bayan haihuwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da, a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, take da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya. Kina da haƙƙin tambaya cikin ladabi ko akwai nas ko ungozoma mai lasisi a bakin aiki, musamman da dare. A Jihar Legas hukumar HEFAMAA ce ke yi wa asibitoci rajista tana duba su, tana kuma rufe waɗanda suka saɓa ƙa'ida, kuma ya kamata ki ga shaidar rajistarta a manne a asibitin. Idan babu, a nemi wani wuri, ballantana a kan haihuwa.

Tambaya: Malam, ni mahauci ne a Oko-Oba. 'Yata ta gama sakandare, ta nace sai aikin jinya. 'Yan uwa suna cewa aikin wahala ne, ga kwanan asibiti, ga raini. Bayan duk abin da muke ji, in bar ta?

Amsa: Malam, idan ta dage kuma tana da ƙoƙari, ka bar ta, ka kuma tsaya mata. Wahalar gaskiya ce, ban ɓoye komai a amsoshin da ke sama ba, kuma ya kamata ta san su tun yanzu. Sai dai aikin yana da asali mai daraja a wurinmu. Rufaida al-Aslamiyya tana da tanti a masallacin Madina inda take jinyar waɗanda suka ji rauni, kuma can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan an harbe shi a yaƙin Handak. A nan Legas ma, Kofoworola Abeni Pratt ta yi aikin jinya a Ingila, ta dawo gida ta zama 'yar ƙasa ta farko da ta shugabanci ma'aikatan jinya na Najeriya, daga baya ta riƙe kwamishinar lafiya ta wannan jiha. Ga mu da yawa a Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12, matanmu suna cika layin awon ciki, amma da wuya su tarar da ungozomar da za su gaya wa abin da ke damun su da harshensu ba tare da tafinta ba, kuma akwai abin da mace ba za ta faɗa a gaban tafinta namiji ba ko da zai kashe ta. Ina ganin sarakunan Hausawa na unguwanni da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, ciki har da taku ta mahauta, suna da ƙarfin ɗaukar nauyin karatun yara mata biyu ko uku a kowace shekara idan suka sa kansu.

Abin da take buƙata shi ne kiredit biyar a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba, sannan ta rubuta JAMB. Akwai makarantar jinya ta asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, akwai kwalejin jinya ta Jihar Legas a Igando, akwai kuma digiri a jami'a wanda ke ɗaukar shekara biyar, a biyo da shekara ɗaya ta sanin makamar aiki. Kafin ka biya ko sisi, ka tabbatar makarantar tana cikin jerin waɗanda Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta amince da su, domin wadda ta yi karatu a inda ba a amince ba ba za a bar ta ta zauna jarrabawar lasisi ba. Batun aikin dare kuwa, a yi maganarsa a fili da duk wanda ya zo neman aurenta tun kafin a sa rana.